Wa Ke da Bakin Cewa "Ƙaddara Ce"?

Ranar Alhamis 24 ga Satumba, 2015, ranar Babbar Sallah, ayarin alhazai biyu suka gwamutsu a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223 a Mina, kan hanyar jifa. Kafin azahar gawarwaki cikin harami sun rufe kwalta. Hukumomin Saudiyya suka tsaya a kan mutum 769, amma kamfanonin dillancin labarai da suka tattara alƙaluman da kowace ƙasa ta fitar sun ƙirga fiye da 2,400. Najeriya ta rasa sama da mutum 200, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta taɓa zama editar jaridar New Nigerian, da Farfesa Tijjani El-Miskin.

Ba a gama jana'iza ba sai babban muftin Saudiyya na lokacin, Shaikh Abdul'aziz Al Shaikh, ya gana da Yarima Muhammad bin Nayef, shugaban kwamitin ƙoli na aikin hajji. Ya shaida masa cewa alhakin abin ba ya wuyansa, domin abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ba a tuhumarsa a kai, kuma ƙaddara ba makawa sai ta auku. Ministan lafiya kuwa ya riga ya ɗora laifin a kan alhazan da ya ce ba su bi tsari ba. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, wanda ya jagoranci alhazan Najeriya a shekarar, bai amince ba. Ya ce bai dace a jingina wa mamatan laifi ba, tun da masu zuwa da masu dawowa sun haɗu ne a hanyar da hukuma ta tsara, kuma bai kamata a ce sun haɗu ba.

Da mufti da sarki, babu wanda ke musun ƙaddara a cikinsu. Inda suka rabu shi ne abin da imanin ya ɗora wa mai rai, musamman mai riƙe da amana. Wannan saɓani ya girmi ƙasar Saudiyya da ƙarnoni masu yawa, kuma kusan kullum ana sake shi a zaurukan makoki na ƙasar Hausa, ko da ba a ɗaga murya ba.

Bakin Bahaushe cike yake da maganar. Idan mota ta kife a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Idan aure ya mutu a ce zama ne ya ƙare, idan an fasa shi ana gobe ɗauri a ce matar mutum kabarinsa. Wanda ya tsira daga haɗari yana da sauran shan ruwa, wanda bai tsira ba kwanansa ne ya ƙare. Amma bakin nan dai shi ne ke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, da rigakafi ya fi magani, da wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kakanni sun bar gadon maganganun biyu tare, ba su ga cewa ɗaya ta rushe ɗaya ba. Rikicin yana tasowa ne wajen zaɓen wadda za a ɗauko, da lokacin ɗaukowa, da kuma wanda ya ɗauko.

A tarihin Musulunci gardamar ta fara ƙamari ne a Basra, tun wasu sahabbai na da rai. Imam Muslim ya buɗe littafin imani na Sahihinsa da labarin mutum biyu daga Basra da suka je Makka suka kai wa Abdullahi ɗan Umar ƙarar wasu mutanen garinsu, mabiya Ma'abad al-Juhani, masu cewa ba a rubuta komai tun fil azal ba. Ɗan Umar ya barranta daga gare su, sannan ya kawo hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda ya lissafa imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, cikin shika-shikan imani guda shida. Daga baya aka kira masu wannan ra'ayi Ƙadariyya. A ɗaya gefen Jahm ɗan Safwan ya tafi har ƙarshen bango: mutum ba shi da aiki na haƙiƙa, ana jingina masa aiki ne kamar yadda ake cewa ruwa ya gudu ko rana ta fito. Su ne Jabariyya.

Tun daga farkonta maganar ba ta rabu da kujerar mulki ba. Masana tarihi da dama sun nuna cewa sarakunan Banu Umayya sun ji daɗin aƙidar da ke cewa Allah ne ya ɗora su, saboda haka mai ja da su yana ja da hukuncin Allah. Wanda ya ce azzalumi shi ya zaɓi zaluncinsa kuwa, ya buɗe ƙofar a tuhumi sarki. An kashe Ma'abad a zamanin gwamnansu Hajjaj. An kashe Gailan na Dimashƙa a zamanin Halifa Hisham ɗan Abdulmalik. Shi kansa Jahm, mai cewa bawa ba shi da zaɓi, a cikin tawaye ga gwamnan Umayyawa aka kama shi aka kashe a Marw a 746, abin da ke nuna cewa ko mai wannan aƙida, da rayuwa ta matsa masa, yanke shawara ya yi ya ɗauki makami.

Mu'utazilawa, almajiran Wasil ɗan Aɗa'u, suka gina wa 'yancin bawa gini na hankali. Hujjarsu adalcin Allah: ba zai yiwu Mai adalci ya halicci saɓo a hannun bawa sannan ya ƙona shi a kansa ba, don haka bawa ne ke samar da ayyukansa. Abul Hasan al-Ash'ari ya yi shekaru yana karatu a gaban babban malaminsu, al-Jubba'i, kafin ya bar su yana ɗan kimanin shekara 40. Ana ba da labarin cewa ya tambayi malamin makomar 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu salihi, ɗaya fasiƙi, ɗaya yana yaro. Idan yaron ya tambayi dalilin da ba a bar shi ya girma ya sami darajar salihin ba, sai a ce masa an san da ya girma da ya lalace. To, idan fasiƙin ya ce shi me ya sa ba a ɗauke shi yana yaro ba fa? Al-Jubba'i ya rasa amsa. Abin da almajirin ke nunawa shi ne hankalin ɗan Adam ba shi da ma'aunin da zai wajabta wa Allah abin da ya kamata ya yi.

Mafitar da al-Ash'ari ya kawo ita ce kasabu: Allah ke halittar aiki, bawa kuma ya tsiwirwirce shi da niyyarsa da ikon da aka ba shi a lokacin aikin. Misalin da malaman tauhidi ke bayarwa kowa ya san shi a jikinsa. Mai zazzaɓin cizon sauro hannunsa na karkarwa ba da sonsa ba. Mai lafiya kuwa yana miƙa hannu ya ɗauki abin da ba nasa ba. Duka motsin biyu halittar Allah ne, amma ba mai hankalin da zai ce ɗaya suke, kuma a kan na biyun ne kawai ake hisabi. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙand, wanda ya rasu a 944, ya ƙara faɗaɗa wa zaɓin bawa fili. Masu suka sun ce kasabu ya yi siriri da yawa, har Larabawa suka riƙa buga misali da shi ga duk abin da ya yi wuyar kamawa. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin babu makarantar da ta warware yadda sanin Allah na tun fil azal da zaɓin bawa na yanzu suke haɗuwa. Abin da mafi yawan malamai suka tsaya a kai shi ne a riƙe duka biyun: Allah ya sani, ya rubuta, ya nufa, ya halitta; bawa kuma yana zaɓa, ba ya ganin abin da ke cikin Lauhul Mahfuzu, saboda haka ba zai ce ya aikata abu don bin rubutun da bai taɓa karantawa ba.

Wannan matsaya ce ta iso ƙasar Hausa a kan allo da takarda. Almajirin da ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani yakan ci karo da ƙaddara tun a babin farko, wanda ya zurfafa kuma ya karanta Ummul Barahin ta Muhammad as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Ba Musulmi kaɗai suka sha wannan gardama ba. Kiristoci sun yi ta tun zamanin Agustin da Pelajiyus, aka sake ta tsakanin Erasmus da Martin Luta a 1524 da 1525. A 1983 wani masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, Benjamin Libet, ya auna cewa ƙwaƙwalwa na fara shirin motsa yatsa da ɗan ƙiftawar ido kafin mutum ya ji ya yi niyya, wasu suka ce to an gama da zaɓi. Masu bincike na baya sun ja da wannan fassara, kuma ko ba komai, motsa yatsa a ɗakin gwaji ba ya kama da shawarar wanda ya kwana yana tunanin ko ya ci amanar marayu ko ya bari.

Sai batun shiriya, inda aka fi jin uzuri a bakin matasa da manya. A ce wa mutum ya bar shaye-shaye ko ya koma ga iyalinsa, sai ya ce idan Allah ya shirye shi zai daina. Malamai sun raba shiriya gida biyu. Akwai ta nuni, wato bayyana hanya, wadda annabawa da malamai da iyaye ke yi, kuma ta isa ga duk wanda kira ya kai gare shi. Akwai ta dacewa, wato buɗe zuciya, wadda ke hannun Allah shi kaɗai. Ita ce Annabi (SAW) bai iya bai wa baffansa Abu Ɗalib ba duk da ƙaunar da yake masa, kamar yadda aya ta 56 a Suratul Ƙasas ta nuna. Amma Alƙur'ani ya yawaita ɗaura ta biyun a kan abin da bawa ya yi da ta farkon: wanda ya nemi hanya a ƙara masa, wanda ya karkace da gangan a bar shi da karkatarsa. Suratul An'am ma, a aya ta 148, ta kawo uzurin mushirikai cewa da Allah ya so da ba su yi shirka ba, ta kuma ƙaryata shi. Mai jiran shiriya yana zaune bai taɓa jiran abincin rana haka ba.

Istihara ma ta sha irin wannan juyi. Yadda ta zo a hadisin Jabir, raka'a biyu ce da addu'a, mai buƙatar ya yi da kansa, ya roƙi a sauƙaƙa masa abin in alheri ne, a kawar da shi in sharri ne, a kuma sa masa yarda da abin da aka zaɓa masa. Ba a shardanta mafarki ba. Yau sai ka ga an kai sunan yarinya da na uwarta wurin wani a ba shi sadaka ya kwana a kai, da safe ya ce ya ga duhu, a rushe neman auren shekara biyu ba tare da an binciki halin kowa ba. An ɗauke wa mutum shawara da bincike, waɗanda su ne rabonsa na aikin, an kira abin zaɓin Allah.

Babu labarin da ya fayyace iyakar da ke tsakanin ƙaddara da aikin bawa kamar na annobar Amwas, wajen shekarar 639. Halifa Umar ya nufi Sham, da ya kai wani wuri da ake kira Sarg sai kwamandoji suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke. Ya tara Muhajirai, suka rabu biyu. Ya tara Ansar, su ma suka rabu. Ya tara dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan a juya. Da ya ba da umarnin komawa, Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su, amma ba wanda zai yaba masa in ya zaɓi ƙeƙasasshen. Sai Abdurrahman ɗan Auf ya iso da hadisin da ya hana shiga garin annoba da kuma fita daga cikinsa. Abu Ubaida ya koma wurin rundunarsa ya rasu a annobar, Mu'azu ɗan Jabal ma haka. Amru ɗan As da ya karɓi jagoranci ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, cutar ta lafa. Babu wanda ya taɓa cewa imanin Umar ko na Amru ya gaza na waɗanda suka rasu.

Fiƙihu ya fi ilimin tauhidi yanke magana a nan, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika jin wannan ɓangare a wa'azi ba. Wanda ya kashe mutum bisa kuskure, ba da nufi ba, kowa ya yarda kwanan mamacin ne ya ƙare. Duk da haka aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, har da azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan 'yantawa ba. A mazhabar Malikiyya, tela ko mai wanki da kayan mutane suka salwanta a hannunsa shi ke biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, lamuni na kansa. Shari'ar da ta wajabta imani da ƙaddara ita ce ta ƙi karɓar ƙaddara a matsayin kariya a gaban alƙali.

A aikace kuwa, ga yadda abin kan kasance. Direba ya yi gudun wuce sa'a ya take magidanci. Ranar uku 'yan ƙungiyar direbobi su zo gaisuwa da buhun shinkafa, a zauna a kan tabarmi a ƙofar gida, a yi addu'a, sai wani baffa ya gyara murya ya ce sun yafe, haka Allah ya rubuta. Kowa ya ce madalla. Matar mamacin tana cikin ɗaki tana takaba, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta, ga yara huɗu ƙanana. Yafe diyya sadaka ce mai lada, ayar ma ta ambace ta, amma diyya gado ce ta magada, kuma baffa ba shi da hurumin kyautar da rabon maraya. An sayi yabon jama'a da dukiyar waɗanda ba su da bakin magana.

Haka abin yake in an faɗaɗa shi zuwa ƙasa. A ƙarshen Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi, kuma jami'ai sun ce lodi ne ya yi yawa. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, shekara 30 bayan ta yi irin haka a 1994. A Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150. Wata uku bayan haka aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Duk waɗannan da ƙaddara suka faru. A cikin kowannensu kuma akwai hannun da ya karɓi kuɗin fasinja na ƙarshe, da idon da ya ga tsagewar bango, da talaucin da ya sa uba ya ruga da bokiti wurin da ya san wuta na iya tashi. Waɗannan ana iya bincikensu, a gyara, a hukunta. A Mina ma, bayan turmutsitsin 2004 da na 2006 a wurin jifa, rushe tsohuwar gadar aka yi aka gina mai hawa-hawa, aka raba hanyar shiga da ta fita.

Kada wannan ya sa a raina abin da yarda da ƙaddara ke yi wa zuciya, domin babba ne. Uwar da ta kai ɗanta asibiti a kan lokaci, ta sayar da akuyarta ta sayi magani, ta kwana a kansa, amma ya cika, ba abin da zai hana ta cinye kanta da "da na sani" sai sanin cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Ɗan kasuwar da gobara ta lashe rumfarsa, da wannan imanin yake iya share toka ya nemi bashi ya sake kasa kaya. Hadisin mumini mai ƙarfi da ke Sahihu Muslim ya jera abin daki-daki: a yi kwaɗayin abin da ke da amfani, a nemi taimakon Allah, kada a kasala, sannan in abin ƙi ya auku kada a tsaya cewa da an yi kaza. Miƙa wuya ya zo ne a ƙarshen jerin, bayan an yi aikin. Ibn Taimiyya, da yake sharhin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, a nan ya ja layi: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba. Kuma yarda ba ta hana kuka. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Siyasa ta gaji dabarar Umayyawa ba tare da ta san sunansu ba. Da an sanar da sakamakon zaɓe, ko na gaskiya ko na murɗiya, sai a ji mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Maganar gaskiya ce, amma Fir'auna ma da nufin Allah ya hau. Malamai sun bambance abin da Allah ya bari ya auku da abin da ya yarda da shi, kuma sata da maguɗi suna cikin na farko kaɗai. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fahimci ƙaddara yadda 'yan amshin shata ke fassara ta, da bai bar Degel zuwa Gudu a 1804 ba, da kuma bai zauna ya lissafa haramtattun haraji da cin hancin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ ba.

Inda tambayar ta fi shiga cikin gida a yau shi ne ciwon sikila. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi kowace shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Lissafin a bayyane yake: idan mai jinin AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Iyayen da suka yi aure tun ba a san gwajin ba, suke kwana a asibiti da yaron da ƙasusuwansa ke sara, haƙuri da addu'a da taimako suka cancanta, ba zargi ba. Saurayi da budurwar da aka miƙa wa sakamako a hannu kuwa suna tsaye ne inda Umar ya tsaya a Sarg, kuma mai ce musu su rufe ido su tawakkali yana yanke hukunci ne a kan jikin yaron da ba a haifa ba. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinin sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Ƙarfin dokar zai dogara ne ga limamin da zai nemi takardar asibiti kafin ya tambayi sadaki, da ɗakin gwajin da ba zai sayar da sakamakon ƙarya ba, da iyayen da za su sa a yi gwajin tun ranar da aka fara zance, kafin a kai lefe a sa rana.